Shekarar da shuka ta wuce Baba

Ni ce shugabar madafa a wata ƙaramar cibiya ta mishan da ke gefen Madawa, inda ake kwantar da yaran da tamowa ta kama tare da uwayensu har su murmure. Shugaba dai a baki, ko da masu taya ni na ce mini shef. Ikona bai wuce muciya da ludayi da makullin mangaza, wato ɗakin ajiyar hatsi, ba, sai kuma bakina, wanda kowa a gidan ya san kaifinsa. In tuwo ya kama a gindin tukunya, har mai gadi a bakin ƙofa sai ya ji labari. Uwata ce ta raine ni a kan cewa ƙanzo shaidar macen da ta bar wuta ta tafi hira ce, ni kuma na ɗauki maganar na riƙe ta kamar a cikin Littafi na karanta ta.

Cikin masu aiki a ƙarƙashina akwai wani dattijo da dukanmu muke kira Baba. Shi ke faskare, shi ke jan ruwa, shi ke wanke manyan tukwanen da in mace ta leƙa cikinsu sai rabin jikinta ya ɓace. Mutumin wani ƙauye ne a bayan Allakaye, can cikin duwatsu. Musulmi ne, mu kuma yawancinmu Kirista, don haka duk ranar da aka samu dabba shi ke yankawa domin kowa ya ci hankali kwance. Ya girmi mahaifina, amma uwar ɗaki yake kirana. Ɗan ƙanzon da ya samu ya kankare yakan shanya a kan tsohon buhu ya tara wa awakina, yana tsokanata wai duk Madawa babu awakin da suka kai nawa rashin sa'a, tunda Allah ya haɗa su da matar da tuwonta ba ya kamu.

Yana kwana a wani ɗaki kusa da tarin itace, iyalinsa kuwa suna ƙauye. 'Ya'yansa maza duk sun tafi nema ƙasashen waje, ana jin muryarsu a waya jifa-jifa. A gida sai matarsa, da surukarsa, da jikoki. Albashin cibiya yana sayen gishiri da sabulu da magani, amma abin da ke ciyar da gidan shekara guda gonarsa ce ta hatsi. Kuma a ƙasarmu namiji ne ke shiga gaba da sungumi yana sara ramuka, mata na bin sa suna zuba iri suna rufewa da diddige. In babu mai sara, aikin bai tafiya.

Da na fara aiki, shugabar cibiyar wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da muke kira Inna. Ba ta da fara'a, ba ta iya yabo ba, kuma ban taɓa jin ta tambayi kowa ko yana jin daɗin aiki ba. Amma ta san inda gonar kowa take. Ta san wa ke da jigawa mai saurin bushewa, wa ke da fadama mai iya jira. Duk ranar da ruwan shuka ya sauka, sai ka gan ta a ƙofar madafa ta ɗaure zani a ƙugu.

"Mi kuka jira?" in ji ta. "Wanda ad da gona shi tashi. Tukwanen ga ba su zuwa ko'ina."

Mu da ba mu da gona sai mu raba aikin. Na ga Inna da idona, da furfurarta, ta shige cikin tukunya tana goge ta da toka tana zagin duk wanda ya ƙera ta. In an yi kwana biyu masu gona su dawo, ƙafafu duk taɓo, su kama aiki kamar an sake su sabbi. Da kaka kuma kowane zai zo da tumu, wato sabon hatsin da aka fara karya a gona, mu gasa a bakin murhu, mu murje mu ci muna dariya. Baba bai taɓa fashi ba. Nawa daban yake ƙulle shi a tsumma, ya ce na uwar ɗaki ne. A shekarun nan albashi bai taka kara ya karya ba, hayaƙi na cin idanunmu, amma ban tuna wanda ya ajiye aiki ya tafi ba.

Da Inna ta yi ritaya aka kawo mana sabon darakta, saurayi ɗan Keita, ɗan manoma da ya yi karatu mai zurfi. Zan faɗi gaskiya a kansa: ba mugu ba ne. Shi ya sa aka fasa mana bango hayaƙi ya samu hanya. Shi ya kawo mana takalman roba da safar hannu, ya sa aka gyara ɗakin Baba da ke yoyo. Amma Inna ta yi zamaninta ba mai leƙa ta, shi kuwa akwai babban biro, wato ofis, a Yamai da ke bisa kansa dare da rana. Daga can aka aiko da doka cewa ba mai barin aiki sai ya nemi izini tun da wuri. Na tambaye shi wa za mu aika ya gaya wa hadari ya riƙa sanar da mu tun da wuri. Ya yi dariya wadda ba ta kai ciki ba. Damanarsa ta farko dai ya kau da kai, masu gona suka sulale suka dawo, ba wanda ya ce uffan.

A shekara ta biyu ne aka ƙirƙiro ranar walwalar ma'aikata. Manya za su zo daga Yamai, su zagaya cibiyoyinsu na Keita da Buza, su ƙare da mu. Za a kafa rumfa, a yanka rago, a sa riguna iri ɗaya, a tambaye mu abin da ke faranta mana rai a wurin aiki. Kuma za a karrama wanda ya fi kowa daɗewa a cibiya. Ba sai an yi bincike ba, Baba ne. Muka yi ta tsokanarsa, muna cewa ya fara koyon murmushin hoto. An sa ranar a ƙarshen bazara, lokacin da kowane manomi ke kwana da ido ɗaya a gabas. Na lura da haka, na kuma yi shiru, don a zatona sama ba za ta zaɓi wannan ranar ba cikin duk ranakun Allah.

Ana gobe biki, da la'asar, gabas ta yi baƙi. Iska ta kwashe mana faifai da murafe, sannan ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Uwayen yara suka fito suna guɗa. Ruwa bai gama ɗaukewa ba wayar Baba ta yi ƙara. Matarsa ce. Ta ce su ma sun samu, ta tona ƙasa har wuyan hannu ba ta iske busasshiya ba. Na ga fuskar tsohon nan ta koma ta yaro. Ya shiga ɗaki ya ƙulle kayansa, ya fito ya tsaya a gabana.

"Uwar ɗaki, ruwa sun sauka gida."

"Na jiya, Baba. Tsaya in ga darakta."

Na iske darakta a tsaye bakin taga yana kallon ruwan da ke gudu a tsakar gida. Ban ma buɗe baki ba ya riga ni.

"Madam, na san abin da ya kawo ki. Ni ma tsohona ya kira ni yanzu."

"To ka sallame shi. In don rago ne, mahauta sun cika kasuwa."

"Ba rago ba ne. Da wani ne sai in rufe ido. Amma shi za a karrama, sunansa anka kai Yamai. In sun zo ba su gan shi ba, mi zan ce? In ce na bar shi ya tahi ba izini, ranar da sunka zo ganin yadda nike riƙon mutane?"

Na ce a karrama ni a madadinsa, ai ni ma na tsufa a bakin murhu. Na ce a ce ba shi da lafiya. Ya ce ba zai yi ƙarya ba, ni ma da na faɗa sai da na ji kunya. Daga ƙarshe ya ce da hantsi za a gama komai, kuma shi da kansa zai ɗauki Baba a babur ɗinsa ya kai shi har gona. Rabin yini ne kawai, ƙasa za ta jira. Na fito ina ƙunƙuni, amma a raina na ce rabin yini ba zai kashe kowa ba.

Na zaci Baba zai yi gardama. Ya saurare ni har na gama, ya dubi ƙullin kayansa, ya ce, "Tunda girmama ni anka ce za a yi, ai kunya ta in ba mutane baya." Ya mayar da kayan ɗaki.

Washegari gari ya waye tas, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ko'ina. Tun da sassafe muna ganin mutane a kan hanya, maza da sungumi a kafaɗa, mata da ƙwaryar iri a ka. Mu kuma muka sa rigunanmu masu ruwan ganye, muka jera kujeru a rumfa. Baba ya yanka rago, ya feɗe, ya gasa. Rigar ta yi masa yawa, ya sa ta a kan tasa ta kullum. Hantsi ya yi, baƙi ba su zo ba. Rana ta take tsaka, ba su zo ba. Darakta na ta safa da marwa da waya a kunne. Sai bayan azahar ya zo ya gaya mana cewa ruwan jiya ya cika wata korama tsakanin Keita da Buza, motocin baƙi na tsaye a wancan gefen suna jiran ruwa ya janye. An ɗaga biki sai gobe.

Raina ya ɓaci. Na ja Baba bayan tarin itace.

"Baba, ka tahi. Ga kabu-kabu nan bakin hanya. Ni zan ce ni na sallame ka, su yi abin da za su yi da ni."

"Ke ba ki da wannan iko, uwar ɗaki, kin sani na sani." Ya faɗe shi a hankali, ba don ya ci mini fuska ba. "In na tahi, yaron ga za a ci ma mutunci gaban manyanshi. Shi yag gyara mini ɗaki. Kuma in anka kore ni, damana ta zo ta ƙi, da mi za ni riƙe gida?"

Na tsaya ina kallonsa yana tura babban ɗan yatsan ƙafarsa cikin ƙasa, ya tona kaɗan, ya duba, ya rufe. A yinin nan na ga ya yi haka ya fi a ƙirga: a bakin rijiya, a gindin itacen bedi, a gefen rumfa. Da safe yatsan na fitowa da taɓo. Da yamma sai ya tona sosai kafin ƙasa ta canza launi. Kuma tamu ƙasar ta fi tasu riƙe laima, tasu jigawa ce bisa dutse.

Baƙi sun iso kashegari, rana ta riga ta karkata. Mutanen kirki ne, sun gaji, takalmansu duk laka, suna ta ba mu haƙuri. Muka ɗumama naman jiya. Wata mata a cikinsu, mai murya mai daɗi, ta yi dogon bayani cewa ma'aikaci ba inji ba ne, sai hankalinsa ya kwanta aikinsa ke kyau, kuma shugaba na gari shi ne mai sauraron na ƙasa da shi. Ban ji kalma ɗaya ta ƙarya a bakinta ba, shi ya sa maganar ta fi yi mini ciwo. Sannan ta ce kowa ya faɗi abin da ke damunsa, kada a ji tsoro. A wurinmu wa zai ci naman mutum, ya sa rigarsa, sannan ya tashi gaban jama'a ya kai ƙara? Kowa ya ce sai godiya.

Ni dai bakina bai iya zama ba. Na tashi na ce, "Ranki shi daɗe, shekaranjiya anka yi ruwan shuka. Akwai masu gona cikinmu." Ta gyaɗa kai da fara'a, ta ce lalle Allah ya yi mana rahama, su ma sun ga manoma duk hanya, abin sha'awa. Ta ce wannan magana ce mai muhimmanci, za su duba ta a tsarin baɗi. Na dubi darakta, idonsa na ƙasa. Na zauna.

Aka kira Baba. Aka yi tafi, aka yi guɗa. Aka miƙa masa kyautarsa, wata babbar lema mai tambarin cibiya. Lema, ga mutumin da ya kwana biyu ba abin da yake so irin ruwa ya dake shi a tsakiyar gonarsa. Mai hoto ya ce ya buɗe ta, ya buɗe. Ya ce ya yi murmushi, ya yi. Matar ta tambaye shi sirrin daɗewarsa a wurin aiki ɗaya.

"Ba a taɓa wulaƙanta ni ba nan gidan," in ji Baba. "Allah shi saka da alheri."

Darakta ya cika alkawari. Motocin baƙi ba su gama fita ƙofa ba ya tayar da babur, Baba ya hau baya da lemarsa a hammata. Sai washegari da rana darakta ya dawo shi kaɗai. Bai wuce biro ba, madafa ya shigo, ya zauna a kan kututturen da Baba ke faskare, ya roƙi ruwan sha. Na dubi ƙafar wandonsa. Ƙura ce, ba taɓo ba.

"Ƙasa ta bushe, Madam," ya ce. "Baba ya sara, ƙura ta tashi. Ya ƙara gaba ya sara, ƙura."

Matar Baba da surukarsa sun yi iya ƙoƙarinsu da ƙaramar fartanya, sun shuka wani ɗan gefe kusa da gida. Maƙwabta kowa ya fara da tasa, kamar yadda ya kamata, kafin su waiwayo ƙasa ta rufe bakinta. Na ce to ya binne irin mana a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa na biyu, wasu na yin haka. Darakta ya ce shi ma ya ba da shawarar, Baba ya ce irin ke nan gare shi, in yayyafi ya ruɓar da shi ko ɓeraye suka tone, ba shi da wani. Na shirya maganganu masu zafi tun jiya da zan zuba wa yaron nan. Da na ga yadda ya riƙe kofi da hannu biyu, sai na fasa. Na ƙara masa ruwa.

Ruwa na biyu ya yi nisa. Kullum muna duban gabas, hadari ya haɗu ya watse. Hatsin maƙwabta da ya samu ruwan farko ya kafa saiwa ya jure. Ranar da sama ta sake buɗewa, darakta bai jira an roƙe shi ba, shi ya zo da gudu ya ce Baba ya tashi. Baba ya yi shukarsa, ta fito kyau, muka fara sa rai. Sai damana ta ɗauke da wuri. Wata mai taya ni girki, wadda ƙauyensu ke kusa da nasu, ta je gida ta dawo ta ja ni gefe. Ta ce gonakin da ke kewaye da ta Baba sun yi kai sun nuna, tasa kuwa ta fitar da kai ba ƙwaya, sai kara. Ɗan gefen da mata suka shuka ne kawai ya yi, shi ma ba zai kai su sanyi ba.

Na koma wurin darakta na ce ga hatsi cike da mangaza, makulli na hannuna. Ya ce na yara ne, kuma na san na yara ne. Na sani. Matan ikilisiyarmu suka haɗa 'yan tiyoyin hatsi muka ba Baba, ya karɓa yana ta sa albarka, amma gida mai jikoki ba ya shekara da abin da aka tara a faranti. Darakta ya kai maganar gaban taron Yamai, aka ji shi, aka mayar da ranar walwala lokacin sanyi. Na ji daɗi don na gaba. Baba kuwa yana nan yana faskare, lemar na jingine a jikin itace yana shiga inuwarta in rana ta yi zafi.

Da kaka masu gona suka fara kawo tumu. Na yi ta addu'a Baba ya manta. Wata safiya ya dawo daga ƙauye, ya zo ya ajiye ƙullin tsumma a gabana kamar kowace shekara. Na kwance. Kawuna ne manya, cike da ƙwaya.

"Baba, wanga na gonarka ne?"

"Na maƙwabci na. Na roƙa ya karya mini." Ya gyara hularsa. "Ban taɓa shigowa gidan ga da kaka hannu sake ba."

Na rasa inda zan sa idona. Ya juya kamar zai tafi, ya dawo, ya rage murya don kada sauran su ji.

"Uwar ɗaki, ƙanzon ga da nika tara ma awakinki. In ba damuwa, bana ki bar mini shi. In an jiƙa shi da ɗan gishiri, yara na ci."

Na ce awakina dama sun ƙoshi. Ya yi godiya har da russunawa, ya ɗauki gatarinsa.

Da rana na ɗora tukunyar ma'aikata, wadda mu ke ci, ba ta yara ba. Na tuƙa tuwo, na rufe. Lokacin janye wuta ya yi, na ƙara itace biyu. Mai taya ni ta ɗago kai tana shinshina iska.

"Shef, tuwo na kamu."

"Na jiya," na ce mata. "Bar shi."